KASHI NA 14: Kakana Bai Taɓa Faɗuwa Ba, In Ji Wa?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba. Yau maganar zakaru za mu yi, da tarihin da suka kafa a wasannin duniya. Amma ku yi haƙuri, daga garinmu Dandin Mahe zan fara, domin a nan aka ba ni kunyar da ta haifar da wannan kashin.

Wata ranar Asabar mun fito daga gidan kallon bal, sai gardamar da kuka sani ta tashi, Messi ko Ronaldo. Wani ya ce Messi ya ci ƙwallo 91 a shekarar 2012 kaɗai. Wani ya ce Ronaldo ya ɗauki kofin Zakarun Turai sau 5. Ni kuma na ce Ballon d'Or 8 fa, a zo a ƙirga. Kowa da lambobinsa a ka, ba mai duba waya. Akwai wani dattijo da ke sayar da rake a bakin wurin, yana ta fere rakensa yana jin mu. Da muka ɗan lafa sai ya ɗago ya ce, "Ku ɗiyan yanzu kun san na Turai sarai. To wa ka kada mutane garin ga lokacin da muna samari?"

Tsit kake ji. Sai ya nuna ni da wuƙar rake ya ce, "Kai ɗan nan, kakanka na. Shekara bakwai bayan nai bai taɓa ƙasa ba."

Wallahi jama'a sai da na ji wani iri. Na haddace ƙwallayen mutumin Ajantina da bai san da zamana a duniya ba, amma ban san cewa wanda na gaji jininsa sarkin kokawa ne ba. Ni dai na taso na same shi tsoho mai carbi, ya rasu ina firamare.

Da dare na tafi wurin kakata. Ta ce, "Maigidan, mi ya kawo ka da daren ga?" Na ce Inna, da gaske Malam ɗan kokawa ne? Ta yi dariya har da rufe baki. Kun san irin nasu, ba ta faɗin sunansa har yau. Ta ce gaskiya ne, in an gama girbi akan yi wasa a dandali da farin wata, samarin ƙauyuka su zo da makaɗansu, kuma a nan ta fara ganin sa. Na ce shekara nawa ba a kada shi ba? Ta ce, "Mu da muke can baya cikin 'yan mata, wa ya aike mu ƙirga?" Washegari na tambayi baffana, ya ce huɗu ne. Wani tsoho a masallaci ya ce ai ba shi ba ne, wansa ne. Da na nemi makaɗin da ke yi masa kirari, aka ce Allah ya yi masa rasuwa shekara biyu da suka wuce. Na makara da shekara biyu kacal.

To wannan ne ya sa na koma na yi ta karatu a kan yadda wasu suka riƙe nasu zakarun, kuma abin da na gano ke nan nake so mu tattauna.

Mu fara da ƙasar Girka, inda wasannin Olamfik suka samo asali. Sunan farko a jerin waɗanda suka yi nasara shi ne Koroibos, a shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kun san sana'arsa? Mai dafa abinci ne. Ya ci tseren da bai kai mita 200 ba, amma ga shi muna ambatonsa a Sakkwato bayan shekara kusan 2,800. Akwai wani kuma, Leonidas na tsibirin Rhodes, wanda ya ci tsere 12 a Olamfik huɗu a jere. Wannan tarihin ya zauna fiye da shekara 2,100 ba wanda ya taɓa shi, sai a 2016 a birnin Rio, da Michael Phelps na Amurka ya ci zinarensa na 13 na shi kaɗai a ninƙaya. Ku duba fa, da ba a rubuta na Leonidas ba, da Phelps ba shi da abin da zai karya.

Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa a labarin nan shi ne, ba ranar da Koroibos ya yi gudu aka haɗa jerin ba. Wani malami mai suna Hippias ne ya zo bayan shekara ɗari uku da wani abu, ya bi ya tattara sunayen. Ke nan shi ma a makare ya fara, kamar ni.

A zamanin nan kuwa abin ya wuce rubuta suna, sai da awo. Bob Beamon ya yi dogon tsalle na mita 8.90 a Meziko a 1968, aka yi shekara 23 kafin Mike Powell ya yi 8.95 a Tokyo a 1991. Santimita 5 ne tsakaninsu, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, kuma har yau na Powell ne ke tsaye. Usain Bolt ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009. Ba wanda zai zo majalisa ya ce ai wansa ne ya yi, domin agogo ya shaida.

Kuma awo kaɗai ma bai isa ba, sai an bi ƙa'ida. A watan Oktoba na 2019, Eliud Kipchoge na Kenya ya yi gudun famfalaƙi na kilomita 42 da ɗoriya cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Vienna. Shi ne ɗan Adam na farko da ya yi shi ƙasa da awa biyu. Duk duniya ta gani, amma hukumar wasannin ba ta sa shi a kundinta ba, saboda ba gasa ba ce, kuma akwai masu ja masa gudu da suke ta karɓar juna. Da farko na ce wannan zalunci ne. Daga baya na gane, tsananin nan shi ne ya sa in sun ce wane ya kafa tarihi kowa ke yarda.

Mu dawo gida. Lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta samu, Nojim Maiyegun ne ya ciyo ta, tagulla a damben zamani, Tokyo 1964. Zinare na farko na mutum ɗaya, Chioma Ajunwa ce, da tsallen mita 7.12 a Atlanta a 1996, shekarar da 'yan ƙwallonmu suka doke Brazil 4 da 3, suka doke Ajantina 3 da 2, da su Tijjani Babangida da Garba Lawal a cikin tawagar. Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12 a 2022. Ahmed Musa, wanda ya yi suna a Kano Pillars, ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya zura wa Iceland biyu a 2018, ya zama ɗan Najeriya mafi yawan ƙwallaye a gasar cin kofin duniya. Maƙwabtanmu Nijar kuwa, Issaka Daboré ya ciyo musu tagulla a dambe a Munich a 1972, suka jira shekara 44 kafin Abdoul Razak Alfaga ya kawo azurfa a taekwondo a 2016.

Wani zai ce, to ai waɗannan duk wasannin Bature ne, shi ya sa suke da kundi. A nan ne nake so ku kalli Nijar da kyau, domin kokawar da kakana ya yi, ita ce dai suke yi, da kirarinta da layunta da makaɗanta. Bambancin shi ne a 1975, zamanin Seyni Kountché, suka mayar da ita gasar ƙasa, ta neman Takobi. An yi ta farko a Tawa, nan bayan Illela da Ƙonni, kuma Kantu na Maraɗi ne ya ɗauka. Tun daga nan jihohi ke karɓar baƙuncinta bi da bi, kowace jiha ta kawo 'yan kokawa goma, da alƙalai, da lokaci, da rediyo da talabijin. Shi ya sa yaro a Damagaram zai jero maka su Salma Ɗan Rani da Kadade da Balla Harouna kamar yadda muke jero 'yan wasan Madrid. Shi ya sa kuma da Kadri Abdou, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Dosso, ya ɗauki Takobinsa na 6 a Agadas a ƙarshen 2023, ba a tsaya gardama ba, kowa ya san ya wuce na gabansa. A tsohuwar Girka ma akwai ɗan kokawa, Milo, da ya ci Olamfik sau 6. Yau ana iya ajiye sunan Isaka kusa da na Milo, saboda dukansu an ƙirga musu.

Ko nan kusa da mu, a Argungu, dubban masunta ke faɗawa ruwa, amma sikeli ne ke raba gardama. Kifin da ya ci gasar 2020 kilo 78 ne. Da ba a auna ba, da yanzu a bakin mutane ya kai girman saniya.

Kada ku fahimce ni a karkace, ban raina hanyar iyayenmu ba. Su ma suna da kundinsu, makaɗi ne. Wa zai san Shago yau in ba don Ɗan Anace ba? Waƙa tana riƙe abin da lamba ba ta iya riƙewa: yadda fage ke yin tsit in gwani ya shigo, da yadda gaban abokin karawa ke faɗuwa tun kafin a haɗu. Lamba 9.58 ba za ta sa tsikar jikinka ta tashi kamar kalangu ba. Amma makaɗi ba don ƙirga ya zo ba, don zuga ya zo, kuma wanda ya ba shi riga shi yake wasawa. Sannan mu tuna, waƙar Shago ta iso gare mu ne domin an naɗe ta a faifai. Makaɗin kakana ba wanda ya naɗe shi, ya tafi da kundinsa cikin kabari. Garuruwa nawa ne tsakanin Bodinga da Shagari da Yabo da irin wannan ta faru a cikinsu?

To ga abin da na yi, kuma ba wani abin a zo a gani ba ne. Na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na koma wurin mai rake. Na ce Baba, na zo ɗaukar karatu. Ya ce, "Yanzu ka yi hankali." Na kunna rikoda a waya, ya yi ta zuba har aka kira magariba. Ya faɗa mini garuruwan da suke zuwa wasa a ƙafa, da yadda ake ɗaura warki, da wani kaye da kakana ya shahara da shi, na ɗaga mutum ta ƙugu. Da ba ya tuna shekara, sai in ce kafin Shehu Shagari ya hau mulki ne ko bayan nan? Kun ga 1979 ta zama ma'auni. Ko in ce kafin yaƙin basasa ne? 1967 ke nan. Haka tsofaffi suke riƙe lokaci, da abin da ya faru, kai ne za ka mayar da shi lamba.

Zuwa yanzu na zauna da tsofaffi biyar. Uku sun ce bakwai, ɗaya ya ce huɗu, ɗaya ya ce an taɓa kada shi sau ɗaya a wani ƙauye, amma santsi ne ya ja shi. Ban goge ko ɗaya ba. Na rubuta kowanne da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Son zuciyata bakwai yake so, amma in na zaɓi wanda ya yi mini daɗi kaɗai, na zama maroƙi ke nan, kuma ba ni da ganga.

Da na karanta wa Inna abin da na tara, ta yi shiru ta daɗe. Can ta ce, "Wanda ya ce santsi na, ƙarya yakai. Kada shi anka yi, ina wurin." Ashe dai tana ƙirgawa.

Saboda haka aikin gida na wannan makon, ga duk mai saurare ko mai karatu: ka nemi tsoho ɗaya a unguwarku ko ƙauyenku, ka tambaye shi wa ya fi kowa kokawa, ko dambe, ko langa, ko sukuwa, ko sharo a zamaninsu. Ka rubuta abu biyar: sunansa, garinsu, kusan shekarar, wanda ya kara da shi, da wanda ya ba ka labarin. Ke ma 'yar'uwa, kakarki ta san abin da maza suka manta ko suka ɓoye, kin dai ji tawa. Kuma wasan da ake yi yanzu, ko gasar ƙwallon unguwa ce ta bayan sallah, a samu mutum ɗaya mai biro ya rubuta wa ya ci, da nawa, ran nawa ga wata. Kada ku ce sai an samu lokaci. Ni shekara biyu kawai na yi jinkiri, kun ji abin da na rasa.

Wanda ya samo, ya turo mana, za mu karanta a kashi na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.