In Injin Mota Ya Fara Ƙwanƙwasa

Jawabin wani makaniki na garin Diffa ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Assaga

Ni makaniki ne, gyaran mota ne sana'ata. Yau na zo mu yi magana a kan wata cuta da ke kama inji.

Wani zai ce, ni ba ni da mota, ina ruwana? Da ruwanka, ɗan uwa. Tattasan da ka noma a bakin Komadugu, mota ke kai shi kasuwa. Matar da haihuwa ta zo mata da gardama, mota ke kai ta likita a Diffa. A 2015, da fitinar Boko Haram ta tashe ku daga bakin kogi kuka koma bakin titi, aka kuma hana hawan babur a jihar nan, kun ga yadda mota ɗaya ta zama ƙafar gari duka. Kuma injin ban ruwa da ke gonarka ƙanen injin mota ne. Cutarsu ɗaya.

Yadda inji ke aiki

A cikin inji akwai ramuka kamar turmi, sunansu silinda. A cikin kowace silinda akwai fistan, yana hawa yana sauka kamar taɓarya. Aikinsa huɗu ne. Na farko, ya sauka ya shaƙi iska da fetur. Na biyu, ya hau ya matse su. Na uku, buji ya ƙyasta wuta, fetur ya ƙone, ƙarfin wutar ya tura fistan ƙasa. Na huɗu, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Buji shi ne abin da mutanen ƙetaren kogi ke ce wa fulogi.

In inji na da lafiya, wutar tana tashi daga bakin buji, ta bi fetur tana ci har ƙarshen silinda, kamar wutar da aka sa wa busasshiyar ciyawa daga gefe guda. Amma in zafi da matsi sun yi yawa, sauran fetur da ke lungu ba ya jiran wutar ta iso. Sai ya fashe da kansa, lokaci guda. Wannan fashewa ita ke dukan kan fistan kamar guduma. Ita ce ƙwanƙwasar da muke magana.

Yadda za ka gane ta

Ƙara ce siririya, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. Ba a cika jin ta in mota na tsaye ba. Tana fitowa in an taka totur da ƙarfi, ko ana hawan tudu, ko an shiga rairayi, ko an labta wa mota buhunan da suka fi ƙarfinta. In direba ya ɗaga ƙafa, sai ta yi shiru. In ya sake takawa, sai ta dawo.

Amma ba kowace ƙara ce wannan ba. Akwai wasu guda uku, ku bambanta su.

Ta ɗaya, ƙara mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana daka a turmi. Wannan kusine ne ya cinye, wato ƙarfen da ke tsakanin sandar fistan da babban ƙarfen da ke juyawa. Rashin baƙin mai ke kawo shi. Sau da yawa jar fitilar mai tana kamawa a gaban direba. In ka ji wannan, kashe inji nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa gari.

Ta biyu, ƴar ƙara daga saman inji, kamar keken ɗinki, ko mota na tsaye ana jin ta. Wannan daga bawul take. Makaniki zai daidaita shi, aikin ba shi da yawa.

Ta uku, ƙarar injin gazuwal. Manyan motocin kaya ba su da buji. Iska suke matsewa har ta yi zafi, sannan a fesa mata gazuwal ya kama. Saboda haka ƴar ƙara da safe, inji da sanyi, halinsu ne. Amma in ta yi yawa, ga hayaƙi, ga rashin ƙarfi, a duba bakin da ke fesa mai da famfon mai. Kuma kada a kuskura a zuba wa injin gazuwal fetur. Zai ƙara ƙwanƙwasa, ya kuma lalata famfon.

Abubuwa shida da ke kawo ta

Na 1: mugun mai. Kowane fetur yana da lamba da ake kira oktan. Ita ke nuna yadda yake jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba. In lambar ta yi sama, juriyarsa ta yi yawa. Kananzir da gazuwal ba su da wannan juriya. In an gauraya su da fetur, lambar sai ta faɗi, inji ya fara ƙwanƙwasa. Tun 2011 ake tace mai a matatar SORAZ ta Damagaram, ɗanyen man kuwa daga Agadem yake, a nan jiharmu. Shekaru da yawa kuma mun sha man Najeriya a jarka da kwalba saboda araha. A 2023 gwamnatin Najeriya ta janye tallafin fetur, kuɗinsa ya tashi. Ba na ce duk mai sayar da man kwalba macuci ne ba. Da yawansu ƴaƴanmu ne masu neman halak. Amma mai yakan bi hannu da yawa kafin ya iso gare su, kuma in abu ya yi tsada, ba a rasa mai gauraya shi.

Na 2: zafin inji. A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasar nan yana wuce digiri 40. In radiyato ba ruwa, ko ya toshe, ko bel ɗin fanka ya saki, inji zai yi zafi fiye da kima. Ruwan kogi yana da laka. Ruwan wasu rijiyoyinmu yana da gishiri da kanwa. Duka suna toshe radiyato a hankali.

Na 3: wuta kafin lokaci. A tsofaffin motoci, irin su Peugeot 404 da 504 da tsohuwar Land Rover, akwai delko, shi ke raba wa kowane buji wuta. In an murɗa shi gaba da yawa, buji zai ƙyasta tun fistan bai kusa kai sama ba. Wasu direbobi ke roƙon a yi musu haka, wai don mota ta ƙara gudu.

Na 4: dauɗar hayaƙi. In inji ya tsufa, ko yana shan baƙin mai, wani abu kamar gawayi yana taruwa a kan fistan. Yana rage wuri, matsi ya ƙaru. Wani lokaci yana yin ja kamar garwashi, ya kunna fetur tun buji bai ƙyasta ba.

Na 5: bujin da ba na motar ba. Buji iri-iri ne, ko da kamanninsu ɗaya. Kowanne akwai lamba a jikinsa. Wanda bai dace ba, bakinsa yana riƙe zafi.

Na 6: iska ta fi mai yawa. In matatar mai ta toshe da ƙura, ko karbireta ta yi dauɗa, ko wata roba ta tsage tana shan iska, fetur zai yi kaɗan. Inji sai ya ƙara zafi.

Abin da za ka yi da kanka

In kana tafiya ka ji ƙarar, ɗaga ƙafa, ka sauko ƙaramar giya. Inji ya fi son ya juya da sauri ba nauyi, da ya juya a hankali yana nishi. In kaya sun yi yawa, a rage.

Duba allurar zafi. In ta kai ja, tsaya. Kada ka buɗe murfin radiyato da zafinsa, ruwan zai ƙone ka. Jira ya huce, sannan ka ƙara ruwa mai tsabta.

Tambayi kanka: yaushe ƙarar ta fara? In bayan ka sha mai ne a wani wuri, to ka kama ɓarawonka. A zuke man, a zuba mai kyau.

Ga gwaji mai sauƙi kafin ka biya. Ɗiga man a farar takarda, ko ta littafinka ce. Fetur mai kyau yana bushewa da sauri, ba ya barin tabo. In akwai gazuwal ko kananzir, tabon maiƙo zai daɗe. Ɗaga kwalbar kuma ka duba gindinta. In da ruwa, a ƙasa yake kwanciya. Ka tace mai da tsabtataccen ƙyalle. Kada ka yi wannan kusa da wuta ko mai shan taba.

Cire buji bayan inji ya huce, ka dubi bakinsa. In ruwan ƙasa ne, lafiya. In fari ne fat, zafi ya yi yawa. In baƙi ne da maiƙo, inji na shan baƙin mai. In ka ga ƴan ɗige-ɗigen ƙarfe, fistan ya fara cinyewa, maza ka nemi makaniki.

Abin da za ka bar wa makaniki

Daidaita delko, wanke karbireta, buɗe kan inji a kankare gawayi, waɗannan aikinmu ne. Motocin zamani kuwa suna da wata ƴar na'ura a jikin inji mai jin ƙwanƙwasa. In ta ji, sai ta gaya wa kwamfutar mota ta jinkirta wuta. Ƙarar sai ta ɓace, amma mota ta rage ƙarfi, ta ƙara shan mai. To in motarka sabuwa ce, ta yi kasala bayan shan mai, ka tuhumi man.

Kada kowa ya sayar muku da wani garin magani wai na ƙwanƙwasa. A 1921, a Amurka, masana sun gano cewa in an sa sinadarin dalma a fetur, ƙwanƙwasa tana raguwa. Aka yi shekaru ana sa shi. Daga baya aka tabbatar guba ne, yana ɓata ƙwaƙwalwar yara. Ƙasashenmu na Afirka kudu da Sahara suka bar shi a 2006, duniya duka ta bar shi a motoci a 2021. Maganin gaskiya shi ne a nemo dalilin, a gyara.

Abin da na gani da idona

Wata shekara, lokacin kwasar tattasai, wani direba ya tsaya a garejina shan ruwa. Na ji injinsa yana tashi daga rairayi. Na ce, ɗan uwa, motarka na ƙwanƙwasa, bari mu duba. Ya ce ai ta saba, yana sauri. Bayan kwana 3 aka jawo ta da igiya. Da muka buɗe, fistan ɗaya ya huje, yatsana yana shiga. Zoben fistan biyu sun karye. Dalili kuwa, bel ɗin fanka ya saki, ga man da aka gauraya. Gyaran da bai kai rabin awa ba ya zama na mako 2, don sai da aka aika Damagaram neman kaya. Buhunan manoma suka kwana a bakin hanya. Wani a cikinsu da kuɗin tattasan nan zai biya bashin taki. Direba ya yi asara, amma ba shi kaɗai ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Ku ɗauki alƙalami

Tunda kun iya rubutu, ku rubuta waɗannan guda biyar:

1. Ƙarar tsakuwa a gwangwani: ɗaga ƙafa, sauko giya.
2. Ƙarar daka daga ƙasan inji: kashe inji nan take.
3. Kowace safiya a duba ruwa da baƙin mai.
4. A gwada fetur a takarda kafin a biya.
5. A karanta lambar tsohon buji kafin a sayi sabo.

Na biyar ɗin nan, da can sai kun nemi mai karanta muku. Yanzu da kanku za ku karanta. Mai injin ban ruwa ya sami ɗan littafi, ya riƙa rubuta ranar da ya canja baƙin mai, da wurin da ya sayi fetur. In kuma kana cikin mota ka ji wannan ƙara, ka gaya wa direba cikin ladabi. Kayanka ne a ciki, da ranka.

Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu. Na zo da tsohon fistan da buji guda uku, kowa ya riƙe ya gani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a gonakinmu.