Auren Magarya a Bayan Gida: Jawabin Malamin Gona

 

Kwanan baya wani saurayi ya tare ni a bakin kasuwa, ya nuna mini hoton wasu 'ya'yan itace shuɗɗa cikin wayarsa, kamar ƙananan ɗinya. Wai sunansu bulubari, yana so ya shuka a bayan gida. Na ce masa kada ya ɓata kuɗinsa. Asalin wannan tsiro daga Amurka ta Arewa ne, ƙasa mai tsami ƙwarai yake so, kuma galibin irinsa sai ya sha sanyi na makonni da yawa kafin ya yi fure. Zafinmu na watan Afrilu kaɗai ya isa ya gama da shi. Na ce in ɗan itace kake so wanda ba zai cinye maka fili ba, ai ga shi nan bakin shingenka kana sarewa kowace shekara. Magarya ke nan.

Na san wani zai yi dariya, ya ce magarya ai ta Allah ce, wa ya taɓa shuka ta? Gaskiya ne. Amma ka dubi halin da dajinmu ke ciki yanzu. Yaran da dā ke shiga daji tsintar magarya da kanya da ɗinya, yau wane uba zai yarda su yi nisa da gari? Abin da muka saba samu a banza, dole mu kawo shi kusa da ɗaki.

Akwai magarya iri mai kyau da aka samo daga ƙasar Indiya, ɗaya ana ce mata Gola, wata Umran, wata Seb. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa su cikin Nijar, har can ana kiransu tuffar Sahel. Ɗanta ya kai ƙaramin lemun tsami, ga nama, ga garɗi, kuma sinadarin bitamin C da ke cikinsa ya fi na lemun zaƙi. Sai dai in ka shuka ƙwallonta ba lalle ne ɗiyar ta yi kama da uwar ba. Don haka aure ake yi mata, yadda ake yi wa mangwaro. Saiwa tamu ta gida, wadda ta san fari ta san ƙasarmu, kai kuwa na baƙuwa.

Ga yadda za ka yi. Ka zaɓi magarya mai lafiya da ta riga ta tsiro a gidanka ko garkarka. Cikin bazara, wajen watan Mayu, ka sare ta ka bar kututture kamar ƙafa 1 daga ƙasa. Da ruwa ya sauka za ta yi toho da yawa. Ka bar biyu ko uku masu ƙarfi, ka cire saura. Idan kaurinsu ya kai na fensir, wajen Yuni ko Yuli, lokacin aure ya yi, don a lokacin ne ɓawo ke saɓulewa ba wuya.

Ka sami sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi mai tsabta. Ka tsaga ɓawon reshen a tsaye kamar inci 1, ka yi wata 'yar tsaga a gicciye bisa kanta, kamar harafin T na boko. Ɓawo kaɗai za ka tsaga, kada ka shiga cikin icen. Sa'an nan ka ɗauko reshen iri mai kyau, ka feƙo ido ɗaya, wato ɗan ƙullin nan da ke hammatar ganye, tare da ɗan ɓawonsa kamar girman farce. Ka buɗa tsagar, ka zura shi a hankali, idon yana duban sama. Kada yatsanka ya taɓa cikinsa. Ka naɗe da siririn yankin leda tamau, sama da ƙasa, amma ka bar idon a waje. Bayan mako 2 ko 3 ka duba. In yana nan kore, aure ya kama. Sai ka datse reshen kaɗan daga saman idon, ka kwance ledar. In ya yi baƙi, sai ka sake a wani reshe, ba wata asara.

Ni kaina na sha kunya a nan. Karo na farko na aura 12, uku kaɗai suka kama. Laifina ne. Na ɗauro rassan a bayan babur ba rufi, suka yini cikin rana, sa'an nan na yi aikin da tsakar azahar. To, ka naɗe rassanka cikin jiƙaƙƙen buhu, ka cire musu ganye, kada su wuce kwana 2 ko 3 a hannunka, kuma ka yi aure da sassafe ko da la'asar sakaliya.

Abin da ya fi kashe aure shi ne toho daga ƙasan ɗaurin. Wannan toho na tsohuwar magarya ne, ya fi baƙon ƙarfi, in ka ƙyale shi zai shanye abincin duka. Duk mako ka zagaya ka tsinke shi. Na biyu akuya. Ka kewaye da ƙaya ko zana, don tana son wannan ganye ƙwarai.

Wanda ba shi da magarya a gida, ya fasa ƙwallo ya fid da 'ya'yan ciki ya shuka a leda, ya dasa da damina cikin rami ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi, da kwando ɗaya na ruɓaɓɓen takin gargajiya da toka kaɗan saboda gara. Tsakanin itace da itace ƙafa 20. In kusa da Gulbin Zamfara kake, ka nemi tudu. Ƙaramin dashe ba ya jure kwanciyar ruwa.

Fure na zuwa ƙarshen damina, 'ya'ya su nuna cikin hunturu. A kan sabon reshe take haihuwa, saboda haka kowace bazara sai ka rage mata rassa sosai, kada ka ji tausayi. Babban abokin gabarta wani ɗan ƙuda ne mai huda ɗan itacen ya zuba ƙwai, ka fasa ka tarar da tsutsa. Duk wanda ya faɗo ka tsince ka binne cikin rami mai zurfin ƙafa 2, kuma ka riƙa tsinka da zarar ya fara yin ɗorawa-ɗorawa, kada ka jira ya yi ja a kan uwa.

Sai wata magana ga mutanen Anka da Bukkuyum. Ba ku manta da gubar dalma ta shekarar 2010 ba, wadda ta ci yara ɗaruruwa a Bagega da Dareta da Yargalma. Gidan da aka taɓa daka dutsen zinariya a ciki, kada a yi dashe ko shanya a tsakar gidan sai an tabbata an kwashe ƙasar. Kowa ma dai ya shanya a kan tabarma bisa rumfa, kuma uwargida ta wanke kafin ta ba yaro.

Wanda yake so ya ga auren da idonsa, ya sare kututturensa tun watan Mayu, ya nemi malamin gona na gundumarsa in toho ya kai fensir. Ya tanadi rezarsa da ledarsa.