Waƙa a Cikin Gida: Wa Ke Rera wa Ƙananan 'Ya'yanmu?

 An ba mu batun waƙa a cikin gida, musamman gidan da ke da ƙananan yara, tun daga na goye har zuwa 'yan shekara shida ko bakwai. Mun san wani zai ce a ransa, ana fama da kuɗin makaranta da kuɗin haya da tsadar abinci, sai a tara mu a kan waƙa? Muna roƙo ku ba mu kunnuwanku kaɗan.

Mu fara da Maimaitawar Shari'a sura 31. Musa ya kusa mutuwa, Isra'ilawa kuma suna gab da shiga ƙasar alkawari. Allah ya riga ya san halinsu, ya san za su ci su ƙoshi su manta da shi. An rubuta shari'a, an ba Lawiyawa su ajiye a gefen akwatin alkawari. Duk da haka Allah ya umarci Musa ya rubuta waƙa ya koya wa jama'a, dalilin da aka bayar a aya ta 21 kuwa shi ne, zuriyarsu ba za ta manta da ita ba. Waƙar ce take a sura 32. Littafi yana zama inda aka ajiye shi, sai wanda ya iya karatu ya je ya buɗe. Waƙa kuwa tana bin mutum gona, ta bi shi kasuwa, ta bi shi har baƙuwar ƙasa.

Idan haka yake ga manya, ina ga yaro da bai san baƙi ba? Likitoci sun tabbatar mana jariri yana fara jin sauti tun yana ciki, wajen wata na shida, muryar da ya fi ji kuwa ta uwarsa ce. Bayan an haife shi an goya shi, idan uwar tana waƙa, har a jikinsa yake jin ta ta bayanta. Ɗan shekara biyu ba zai bi wa'azin fasto ba ko da an yi shi da sauƙi, amma zai kama amshi, ya yi ta maimaitawa yana wasa da ƙasa. Abin da yaro ya fara sani game da Allah, yawanci ta wannan hanya yake shiga. A Matiyu 21 yara ne suka ɗaga murya suna yabon Yesu a Haikali. Manyan firistoci suka ji haushi, shi kuwa Ubangiji ya tsaya wa yaran, ya tuna musu da Zabura ta 8. Yaran nan a wani wuri suka koyi yabon kafin su kai shi Haikali.

Yawancinmu da muka haura hamsin, cikin waƙa muka tashi ba tare da wani ya zauna ya tsara mana ba. Aikin gida ne yake ɗauke da ita. Akwai waƙar daka, mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya suna lugude. Akwai waƙar niƙa da asuba a kan dutse. Akwai ta reno idan yaro ya ƙi barci, akwai gaɗa a dandali idan wata ya yi haske, tatsuniyar kaka ma ba ta cika ba sai da 'yar waƙa a tsakiya wadda yara za su amsa. Da injin niƙa ya zo unguwa, ya raba iyayenmu mata da wahala, mun gode wa Allah saboda haka, amma ya tafi da waƙar niƙa. Dandali ya zama shago ko wurin ajiye babura. Kaka tana ƙauye, mu muna ɗaki biyu a gidan haya. Ba wanda ya yi shawara a daina waƙa a gida. Ayyukan da suke riƙe da ita ne suka tafi ɗaya bayan ɗaya.

Gurbin da aka bari, waya ce ta cika shi. Yaro ya fara kuka, uwa tana girki ko tana lissafin cinikin ranar, sai a miƙa masa waya ya yi shiru. Ba mu zo mu zargi iyaye mata ba, mun san gajiyar da suke ciki. Sai dai mu san abin da muke yi. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allon waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Wannan maganar lafiyar jiki ce. Tamu ta ɗara haka. Uwa idan tana rera wa ɗanta tana duban fuskarsa, ta rage murya idan ya fara lumshe ido, ta sa sunansa a ciki, ta tsaya ta bar shi ya ƙarasa. Waya ba ta san sunansa ba. Ban da haka, wanda ya shirya abin da ke cikinta bai tambaye mu abin da muke so ɗanmu ya haddace ba. Kusan kowa a nan ya taɓa jin 'yar shekara huɗu tana rera waƙar da ta ɗauko a TikTok a gaban baƙi, manya suna dariya, alhali da babba ne ya faɗi kalmomin a fili da an kira shi gaban dattawa.

Akwai wani wurin kuma da muka miƙa waƙar, wato majami'a. A yau idan an ce waƙa, tunaninmu ƙungiyar mawaƙa, da kibod, da jita, da manyan lasifika. Muna godiya saboda matasanmu da baiwar da Allah ya ba su. Amma sannu a hankali jama'a suna komawa 'yan kallo, ana yi musu waƙa sau ɗaya a mako, yawancinta da Turancin da tsofaffi da ƙananan yara ba sa ji. Tun da maganar lasifika ta zo, bari mu roƙi masu kula da na'ura da iyaye mata masu goyo: kunnen jariri ba irin namu ba ne, ƙara mai yawa tana yi masa lahani. A rage sauti, masu goyo kuma su nisanci gaban akwatin.

Iyaye maza, wannan maganar ta shafe mu ƙwarai. Da yawanmu mun ɗauka rera wa yaro waƙa aikin mace ne, namiji ya yi sai girmansa ya zube. Dawuda jarumin yaƙi ne, shi ne kuma mai kaɗa wa Saul garaya har ya sami sauƙi. Bulus da Sila da tsakar dare a kurkukun Filibi, da ciwon bulala a bayansu, waƙa suke yi. Markus 14:26 ya nuna Ubangiji da almajiransa sun yi waƙa bayan jibin ƙarshe, kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun. Martin Luta na ƙasar Jamus, wanda waƙoƙinsa suka fara fitowa a littafi a 1524 domin talakawa su yi yabo da harshensu, yakan zauna da iyalinsa bayan cin abinci a yi waƙa, yana kaɗa wani abu mai kama da molo. Yaron da bai taɓa jin muryar ubansa tana yabon Allah ba, sai dai tana tsawa, in ya girma zai ɗauka addini na mata da yara ne. Idan kuma an ce muryar ba daɗi, ɗan shekara uku ba alƙalin gasar mawaƙa ba ne.

Mu dubi maƙwabtanmu Musulmi, mu yi musu adalci. A wannan unguwa ba wanda bai san sautin makarantar allo da safe da yamma ba. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar yana biya karatu da murya, yana maimaitawa har ya zauna masa, iyayensa kuma ba sa cewa ya yi ƙanƙanta. Su ba sa kiran wannan waƙa, mu ma ba za mu kira shi haka ba, amma sun riƙe abin da muke sakewa: abin da aka zuba wa yaro ta kunne da baki yana ƙarami ba ya fita. 'Ya'yanmu tare da nasu suke wasa, tare suke ɗibar ruwa. Mu 'yan kaɗan ne a nan, kuma ba abin kunya ba ne. Abin tambaya shi ne, idan abokin wasa ya tambayi ɗanmu abin da ake koya masa a gida, yana da abin faɗi?

Dattawa ba su manta da watan Maris na 1987 ba, lokacin da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso Zariya aka ƙone majami'u da yawa. Ba mu ambaci wannan don tayar da tsohon miki ba, muna addu'a kada Allah ya maimaita mana. Amma wuta idan ta kama majami'a ba ta barin benci, ba ta barin littattafai. Masu bi na wancan zamani suna iya tsayawa a fili ba rufi ba takarda su yi waƙa baiti huɗu ko biyar da ka. Mu gwada namu 'ya'yan a gida yau da dare, ba waya, ba littafi, mu ga ko za su kai waƙa uku daga farko zuwa ƙarshe.

To wace irin waƙa? A nan za mu ɗan daɗe. Muna da gado mai kyau. Likita Mila na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya tun 1905, a 1929 mishan ya koma Wusasa, a 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, aikin da ya ba da shekaru masu yawa a kansa. Tare da wannan muka gaji Littafin Waƙoƙi, wanda yawancin abin da ke ciki fassara ce daga Turanci da karin Turawa. Koyarwar da ke cikinsa mai zurfi ce, kada mu yar. Sai dai yana da wata matsala ga ƙananan yara. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya. Kuka na hawaye da kuka ta miya, ko wuya na jiki da wuya ta wahala, karin murya ne yake raba su. Karin da aka tsara a Ingila bai san da wannan ba, yakan ɗaga inda Bahaushe zai sauke, ya ja inda zai gajarta. Babba yana duba littafi ya gane. Yaro kuwa da kunne kaɗai yake ɗauka, shi ya sa za ku ji yana rera wasu kalmomin da babu su a kowane harshe. Maganinsa mai sauƙi ne: a faɗa masa kalmomin da bakin magana tukuna, a gaya masa ma'anarsu, sa'an nan a rera.

Waƙoƙin Zumuntar Mata ba su da wannan matsala. An haife su a cikin harshen, da bayarwa da amshi, da tulu da gora, kuma da yawansu labarin Littafi Mai Tsarki ne daga farko har ƙarshe. A ganinmu su suka fi dacewa da ɗan shekara biyu ko uku. Haka ma irin na ƙungiyoyin Sabon Rai Don Kowa. Abin mamaki, uwa za ta je koyon waƙa sau biyu a mako, ta yi gasa har ta ciwo kofi, amma 'ya'yanta ba su taɓa jin ta rera musu ko ɗaya a ɗaki ba.

Akwai kuma harsunanmu na gida. A cikinmu akwai Bajju, Atyap, Ham, Ngas, Bura, Tangale, da Hausawa na ƙauyukan Giwa da Ikara da Maƙarfi. Yaran da aka haifa a Tudun Wada Hausa da Turanci suke ji, harshen kaka yana kuɓuce musu. Ko yaro bai iya magana da shi ba, waƙa biyu ko uku za su riƙe masa ƙofa. Kuma ba dole kowace waƙar gida ta zama ta sujada ba. Ta wanka, ta ƙirga, ta tafi, ta zolaya tsakanin kaka da jika, duk suna da wurinsu. Mun san akwai 'yan'uwa da suke ganin duk abin da ya fito daga gargajiya na arna ne. Ba mu yarda da haka ba. A duba kalmomin. Wadda take kiran iskoki ko take da batsa a bar ta, wadda take lallashin yaro ko koya masa gaisuwa a riƙe ta.

Game da lokaci, kada a ɗora wa kai nauyin da ba za a iya ɗauka ba. Addu'ar iyali ta awa guda da ɗan shekara uku azaba ce gare shi da ku. Minti biyar kafin barci ya isa, waƙa ɗaya a yi ta maimaitawa har wata guda, domin yara ba sa gajiya da maimaici, mu ne muke gajiya. A bar shi ya buga gwangwani ko murfin tukunya. Masu zama a gidan haya tare da maƙwabta su yi da murya madaidaiciya, su kuma kauce wa lokacin da maƙwabtan suke salla. Girmamawa ce da mu ma muke so a yi mana.

Dattawa, ga roƙonmu gare ku. Idan kun je ziyarar gidaje, bayan tambayar lafiya da baiko, ku kira yaran ku ce su rera muku abin da suka iya. Malaman Makarantar Lahadi su riƙa sanar da iyaye waƙar da ake koyo a kowane wata. Matasa kuma, wayar da muka yi ta kuka da ita tana da amfani a nan: akwai tsofaffin mata a kowace ikilisiyarmu da suke riƙe da waƙoƙin da ba a taɓa rubutawa ba, wasunsu sun haura tamanin. Ku je ku zauna da su, ku nemi izininsu, ku ɗauki muryarsu, ku rubuta kalmomin da sunan harshen da garin da waƙar ta fito, ku kawo wa sakataren ikilisiya kafin Kirsimeti.