Amsoshin Wasiƙunku: Me Ke Rage Ƙarfin Hasken Leza In An Haɗa Shi?

 Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwa. Ya ce ya ji labarin masana na haɗa hasken leza da yawa ya zama guda, to wai in an haɗa goma, ƙarfin goma ake samu cif, ko kuwa akwai tasgaro?

To Malam, mun gode. Akwai tasgaro, kuma ga dalili.

Leza dai haske ne da ake tattarawa ya tafi siriri, ba ya bazuwa kamar na tocila. A 1960 aka fara yin sa a Amurka. Irin wanda muke magana a kai cikin zaren gilashi ake ƙara masa ƙarfi, dangin zaren da ke ɗauko intanet, kuma walƙiya-walƙiya yake fita. Da gajerun walƙiya irin wannan ake yanka gilashi da ƙarfe, ana kuma aikin ido. Amma zare ɗaya yana da iyaka: in ƙarfi ya yi masa yawa, hasken ya gurɓace, ko zaren ya ƙone. Don haka sai a raba walƙiya ɗaya zuwa zaruruwa da yawa, kowanne ya ƙara mata ƙarfi, sannan a sake haɗa su.

A wajen haɗawar nan ake asara. Ku manoma kun san kunya da kwarinta. Haka haske ke tafiya, tudu da kwari. In tudun wannan ya hau kan tudun wancan, ƙarfi ya ƙaru. In tudu ya faɗa cikin kwari, sai su kashe juna, hasken ya bi wata ƙofa da ba a so, ya ƙare a zafi. Tazarar tudu da tudu kuwa kusan kashi ɗaya ce cikin 1,000 na milimita. In haske biyu suka saɓa da rubu'in wannan tazara, rabin ƙarfin ya tafi. Ɗumin ɗaki ko ɗan girgizar tebur ya isa ya jawo haka. Shi ya sa ake sa na'ura tana aunawa tana gyarawa ba hutu.

Abu na biyu, lokaci. Walƙiyar gajera ce ƙwarai, tsawon wata bai wuce kaurin gashin kai ba. In zare ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo da haka, walƙiyarsa za ta iso ta tarar sauran sun wuce. Kamar masu tura mota ne a taɓo: wanda ya sa kafaɗa bayan sauran sun saki, wahalar banza ya yi.

Na uku, bambancin ƙarfi. Shi kaɗai da sauƙi, domin ko ɗaya ya zama rabin ɗaya, asarar kusan kashi 3 ce cikin 100. Inda gizo ke saƙar shi ne, walƙiya mai tsananin ƙarfi tana sauya yadda gilashin ke ratsa haske, sai wadda ta fi ƙarfi ta ɗan yi jinkiri, tudunta ya goce. Don rage wannan ake miƙe walƙiyar ta yi tsawo kafin a ƙara mata ƙarfi, daga baya a matse ta. Gerard Mourou da Donna Strickland suka fito da dabarar a 1985, ta kuma ba su lambar yabo ta Nobel a 2018.

Na huɗu, dole hasken su zama faɗi ɗaya, su kaɗa ta fuska ɗaya, su dosi wuri ɗaya, kamar shanun huɗa a karkiya.

Na biyar, yadda aka jera su. A 2020 masana a birnin Jena na Jamus sun haɗa zare 12, suna ɗora haske a kan haske da madubai, suka sami kilowat 10.4, kashi 96 cikin 100 ya shiga inda ake so. A wannan shekarar kuma, a makarantar Ecole Polytechnique kusa da Faris, an haɗa zare 61, amma jera su aka yi gefe da gefe kamar saƙar zuma. Saboda giɓin da ke tsakaninsu, haske ya fantsama gefe, kusan rabi kawai ya taru a tsakiya. Sai dai wannan jeri ya fi sauƙin ƙara yawan zare.

Kai ɗan kasuwa ne, ka san lissafin. Duk hasken da ya zube kuɗin lantarki ne aka biya, kuma sai an sake kashe wani wajen sanyaya injin. Masu son amfani da dubban zare don binciken ƙwayar zarra dole su shawo kan wannan asara tukuna. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, gaskiya ne, amma a nan sai kowane zare ya zo daidai da ɗan'uwansa.

Da fatan ka gamsu. Sai mun ji daga gare ku, ku huta lafiya.