Yadda Kullen Korona Ya Taɓa Tukunyar Miya a Ƙasar Haɗejiya

Jawabi ga ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci

Maganar yau a kan abinci take, da yadda ya canza a gidajen ƙasar Haɗejiya a shekarar 2020, lokacin annobar korona.

A watan Afrilu na shekarar aka kulle Kano. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba ta ɗage dokar ba sai ranar 1 ga Yuli. Azumi kuwa ya kama ranar 24 ga Afrilu, watau cikin wannan hali aka yi shi. A takarda an ce motocin abinci su wuce, amma a kan hanya sai shinge bayan shinge. To, buhun shinkafa yana iya jira. Kwandon tumatir da ɗanyen kifi ba su san jira ba.

Nan abin ya taɓa mutanen fadama. Manomin rani a Auyo da masunci a Guri da fatake suka dogara. Da fatake suka ɗauke ƙafa, ga kaya, babu kuɗi. Ɗan dako da ɗan acaba na cikin gari kuwa, su ko kayan ba su da su. Ga makarantu a rufe tun watan Maris, ga almajirai an maido daga wasu jihohi, masu ci sun ƙaru a gida.

Gidan da ke da hatsi a rumbu, tuwo bai yanke ba. Miya ce ta rame. Nama ya fara fita daga tukunya, mai ya ragu, kifi ya zama na ƙamshi kawai. Babba yana jure wannan na ɗan lokaci, amma ban da yaron da aka yaye da mace mai ciki ko mai goyo. Tuwo ƙarfin aiki yake bayarwa. Wake da gyaɗa da kifi da nono su ne ke gina jiki, ganye kuma yana taimaka masa wajen kare kansa daga cuta. Yaro yana iya ƙoshi kullum, amma yana ramewa.

Matan da suka saba tanadi ba su sha wuya sosai ba. Mai busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa da kauɗar tumatir da bandar kifi a ɗaki, miyarta ba ta dogara da ranar kasuwa ba. Wannan ajiya ta sake yin rana a watan Satumba, da ambaliyar kogin Haɗejiya ta cinye gonakin shinkafa.

Lokacin yin tanadin shi ne sa'ad da kayan lambu suka yi araha. A yanka tumatir da tattasai a shanya a kan tabarma mai tsabta, ba a bakin titi cikin ƙura ba. Zogale da rama a inuwa ake shanya su, don zafin rana yana rage amfaninsu. Kifi kuma a banda shi ya bushe sarai, a riƙa duba shi saboda ƙwari, kada kuma a kuskura a zuba masa maganin feshi.