Ƙyastu cikin aljihu: wanda ya kunna wuta, shi ke kashe ta

Jawabin da wakilinmu ya yi gaban ɗaliban karatun manya, ranar da anka koma karatu bayan kaka.



Mai gari, liman, dattawa, iyayenmu mata, samari da ƴan mata, ina gaishe ku. Sannunku da aikin kaka. Allah shi sa albarka cikin abin da munka samu.

Yau na aje alli. Ku dubi abin da ke hannuna. A dama, ƙyastun kakanninmu ne: guntun ƙarfe da dutsen ƙanƙara. A hagu, ƙyastun zamani ne: ƴar sanda baƙa, tsawon ɗan yatsa, da abin kankararta. Dukansu biyu suna shiga aljihu. Bisa kansu za mu yi magana, don ɗari ya shigo, haki ya bushe, kuma kowa shina son wuta.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

Shekarar da na fara aikin koyarwa, an tura ni wani ƙauye arewa da Dakwaro. Wata rana dare ya kama mu bisa hanya, ni da wani dattijo makiyayi. Lokacin kaka ne, ga sanyi. Na buɗe kayana, sai na iske salka ta tsiyaye, alimetina ya jiƙe sarai. Na yi ta ƙyastawa har kwali ya ƙare. Ko hayaƙi ban gani ba.

Dattijon bai ce mani komi ba. Ya fiddo ƴar jakar fata daga wuyanshi. Ya ƙyasta sau uku, ya hura, wuta ta kama. Munka sha shayi, munka kwana.

Da safe ina gaggawa. Shi kuwa ya durƙusa gaban murhu. Ya watsa garwashi, ya zuba ruwan wankin buta, ya cuɗa da rairai, ya sa hannu cikin toka. Lokacin da ya ɗauka wajen kashe wutar ya fi wanda ya ɗauka wajen kunna ta. Ni da na yi lakkwal, ran nan na zama ɗalibi. Karatun nan nashi na kawo maku.

ƘYASTUN DA DA ƘYASTUN ZAMANI

Ƙyastun da, maƙeranmu ke ƙera shi. Ƙarfen shi zamo mai tauri, wanda anka gasa, anka tsoma cikin ruwa. Tsohon magagari shina yi. In an buga ƙarfen bisa kaifin dutse, dutsen shina kankaro ƴan ƙanana-ƙananan ɓarɓashin ƙarfe. Ɓarɓashin nan ne ke kama wuta cikin iska. Shi ne tartsatsin da kuke gani. In babu ƙanƙara, farin dutse mai ƙyalli shina yi, in dai an fasa shi ya yi kaifi.

Ƙyastun zamani kuwa, wani masani na ƙasar Ostiriya ya gano haɗinshi a shekara ta 1903. Sunanshi Carl Auer von Welsbach. Ya haɗa ƙarfe da wani ma'adini mai saurin kamawa, wanda ake ce ma seriyom. Kun san wanga haɗi tun da daɗewa. Ɗan dutsen da ke cikin birike, shi ne. Sandar da ke hannuna babbar yayarshi ce kawai.

Ga bambancinsu. Tartsatsin tsohon ƙyastu kaɗan ne, kuma ba shi da zafi ƙwarai. Na sabon shina zubowa da yawa, zafinshi shina kai wajen digiri 3000. Ku tuna ruwa shina tafasa ga digiri 100. Sabon ƙyastu ba shi son gas, ba shi son kananzir. In ya jiƙe, a share shi, shi ci gaba da aiki. Sanda guda tana ƙyastawa sau dubbai kafin ta cinye. Sai dai ba ta son zama cikin laima ko zufa, don tana rubewa. A aje ta cikin jakar fata busassa.

Wanda ba shi da ko ɗaya, kada shi yada biriken da gas ɗinshi ya ƙare. Muddin shina tartsatsi, shina iya kunna abduga.

DUWATSUN MURHU UKU

Iyayenmu mata sun san tukunya ba ta zama sai bisa duwatsu uku. Haka wuta take. Tana son abu uku: makamashi, iska da zafi. Ƙyastu zafi kaɗai shike bayarwa. Sauran biyun, aikinka ne.

Tartsatsi ba shi kama icce. Ba shi kama kara. Abu mai laushi shike so, busasshe ƙarau. Ga waɗanda muke da su a wuri:

1. Abduga, a saɓe ta ta yi sako-sako.
2. Abdugar rimi.
3. Farin gashin da ke cikin ƴaƴan tumfafiya in sun bushe. A yi hankali da nonon tumfafiya, shina ɓata ido.
4. Haki busasshe da anka murza cikin tafin hannu har ya yi laushi.
5. Ƙonannen tsumma.

Ƙonannen tsumma ya fi su duka, kuma shi ne abokin tsohon ƙyastu. Ga yadda ake yin shi. A samu gwangwani mai murfi. A huda murfin da ƙusa, huda guda. A yanka tsohon zane na abduga ƙanana, a zuba ciki, a rufe. Banda yadin roba, narkewa shike yi. A aza gwangwanin bisa garwashi. Hayaƙi za shi yi ta fita ta hudar. In hayaƙi ya tsaya, a sauke, a toshe hudar, a bari shi huce sarai kafin a buɗe. Tsumman za shi fito baƙi ƙirin, bai zama toka ba. Tartsatsi guda ya ishe shi.

KAFIN KA ƘYASTA

Ka fara da wuri, ba da ƙyastu ba.

Ka dubi iska. Cikin hunturu, daga gabas maso arewa take busowa. Kada ka yi murhu inda iska za ta kwashi tartsatsi ta kai bisa rumbu, ko zana, ko tarin kara, ko harawa. Kada ka yi shi ƙarƙashin icce mai rassa ƙasa-ƙasa.

Ka share haki har ƙasa ta fito, taki uku manya ta kowane gefe. Ka gina ɗan rami tsakiya, zurfin rabin kamu. Ƙasar da ka fiddo, ka tara ta wajen da iska ke fitowa. Za ta kare maka wuta yanzu, kuma da ita za ka kashe ta in ka gama.

Ka tara kayanka kusa, kashi uku: makamashi mai laushi, ƙirare sirara kamar tsinken tsintsiya, sa'an nan icce mai kaurin yatsa. Busasshen icce da ya faɗi za ka tsinta. Ɗanye ba shi ci, kuma sare shi hasara ce.

In iska ta yi ƙarfi har tana tada rairai, ka haƙura. Gara ka kwana da sanyi da ka tashi da gobara.

YADDA AKE ƘYASTAWA

Sabuwar sanda tana zuwa da baƙin fenti. Ka kankare shi tukuna, har ƙarfen shi yi haske.

Ka durƙusa, ka ba iska baya. Ka yi ƴar sheƙa da haki, kamar ta tsuntsu. Ka sa abduga ko ƙonannen tsumma tsakiya. Ka dasa bakin sandar daidai jikin abdugar. Ka aza abin kankara bisa sandar, a karkace. In ya ɓace maka, bayan wuƙa mai kusurwa shina yi, ko guntun zarton ƙarfe. Kada ka sa kaifin wuƙa, za ka dakushe ta.

Mutane da yawa suna tura wuƙa ƙasa da ƙarfi, sai hannu shi watsa sheƙar. Ga dabara. Ka riƙe wuƙa wuri guda, ka danna, sa'an nan ka jawo sandar baya, wajenka. Tartsatsi za shi zuba inda kake so.

Da tsohon ƙyastu, ka aza ƙonannen tsumma bisa dutsen, dab da kaifi, ka danne da babban yatsa. Ka goga ƙarfen bisa kaifin daga sama zuwa ƙasa. In ka ga ɗigon ja, ya kama.

Abduga tana tashi nan take. Tsumma kuwa sai an hura. Ka naɗe shi cikin sheƙar, ka hura sannu, dogon numfashi. In harshen wuta ya fito, ka aje cikin rami, ka aza ƙirare kaɗan-kaɗan. Kada ka danne ta da icce, numfashi take so. Wutar shayi ko ta tuwo ba ta bukatar wuce tsawon gwiwa.

KASHE WUTA

Ga inda nike so ku buɗe kunne da kyau.

Wata cikin iyayenmu ta gaya mani yadda take rufe garwashi da toka da dare, da safe ta tone ta iske wutarta. Haka ne. To, abin da ke faruwa cikin ɗaki, shi ke faruwa cikin daji. Matafiyi shi tura rairai da ƙafa bisa murhu, shi ce ya kashe wuta. Bai kashe ta ba, ajiyarta ya yi. Da hantsi iska ta taso, ta yaye rairan, garwashi shi farka. Kashin shanu da na raƙumi sun fi haɗari, don suna cin wuta ta ciki, ba harshe, sa'o'i da yawa.

Ga yadda ake yi. A raba bakin wuta ɗaya-ɗaya. A watsa garwashi cikin ramin. A zuba ruwa, ko da na wankin buta da kofuna ne. A motsa da sanda. In ruwa ya yi kaɗan, a zuba rairai mai sanyi, a cuɗa, a ƙara, a cuɗa. A ƙarshe, a kai bayan hannu kusa da toka. In da ɗumi, aiki bai ƙare ba. Sai toka ta yi sanyi ake ɗaure kaya.

ABIN DA GOBARA KE CI

Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido. Kusan kowace shekara, bayan damina, gobarar daji tana tashi cikin yankin makiyaya: wajen Abalak da Cintabaradan a jihar Tawa, wajen Barmo da Dakwaro a jihar Maraɗi, wajen Tanut da Gure a jihar Damagaram. Shekarar da ruwa ya yi kyau ta fi haɗari, don haki ya yi kauri. Murhun shayi, guntun taba, wutar farautar ɓera ko ta cin zuma, duk suna tada ta.

Mu yi lissafi tare. Hakin da ya ƙone cikin watan 11 ba shi dawowa sai ruwa ya sauka, wajen watan 6 ko na 7. Wata 7 ko 8 ke nan bisashe ba su da abinci a wurin. Makiyayi ba shi zama shi ga garkenshi na mutuwa. Sai shi gangaro kudu tun ba a gama kwashe amfanin gona ba. Kun san abin da ke biyo baya tsakanin manomi da makiyayi. Ƙasar da ta ƙone kuma ta zama tsirara, iska shi kwashe ta. Ƴan itatuwan da kunka raina cikin gonakinku da sassaben zamani, gao da kalgo da sabara, su ma wuta ba ta ƙyale su.

Dattawan da ke nan sun ga farin 1973 da na 1984. Sun ga yadda bisashe sunka faɗi don rashin haki. A shekara ta 1984 ɗin nan anka yi babban taron ƙasa a Maraɗi bisa yaƙi da hamada, anka ɗauki alkawarin kare itatuwa da ƙasa. Fari daga Allah ne. Gobara kuwa, mafi yawanta daga hannun mutum take fitowa. Dokar gandun daji ta shekara ta 2004 ta tanadi hukunci ga wanda ya tada gobarar daji.

Don haka ne ake share hanyoyin tsaida gobara cikin makiyaya, masu faɗin mita 15 zuwa 20. In an kira gayyar wanga aiki, ku fito. Hakin da anka share ba shi zama banza, a tara shi don rani.

IN WUTA TA KUƁUCE

Kada ka gudu ka ɓoye don kunya. Ka yi kururuwa. A aika ga mai gari, a buga waya ga ma'aikatan gandun daji. A karyo ɗanyun rassan sabara ko kalgo, a yi ta bugun wutar ta gefe da ta baya. Kada kowa shi tsaya gabanta, wajen da iska ke kai ta. Yara da bisashe, a kai su fili marar haki, ko wurin da ya riga ya ƙone ya huce.

Wanda ya ƙone, a yi ta zuba ma wurin ruwa mai tsabta, mai sanyi, kamar minti 20. Kada a shafa mai, ko toka, ko tawada. A rufe da tsumma mai tsabta, a kai shi likita.

Iyaye, ƙyastu ba abin wasan yara ba ne. Yaron da za shi kiwo, a koya mashi kashe wuta kafin a ba shi abin kunna ta.

AIKIN ALLO

Yanzu kowa shi ɗauki allonshi. Ku rubuta kalmomin nan guda 4, ɗaya ƙarƙashin ɗaya: share, gina, ƙyasta, kashe. In kun koma gida, ku karanta ma waɗanda ba su zo ba. Ran kasuwa mai zuwa, kowa shi zo da gwangwani da tsohon tsumma. Za mu fita bayan gari mu gwada. Wanda ya riga kowa kunnawa, za mu tafa mashi. Wanda tokarshi ta riga ta kowa yin sanyi, shi ne na ɗaya.

Allah shi kare mu daga gobara, shi kare dukiyarmu.