Gwamnati da Talakawa a Lokacin Annoba: Darasin Cutar Korona a Nijeriya



Batun da zan tattauna shi ne yadda Gwamnatin Nijeriya ta tinkari annobar korona daga shekarar 2020. Ni aikina nazarin harshe ne, saboda haka zan bar wa likitoci bayanin ƙwayar cuta, in tsaya a kan abin da ya gudana tsakanin mai ba da umarni da wanda aka ba umarnin. Ra'ayina a taƙaice shi ne, dokar yaƙi da annoba ba ta wuce inda yardar talakawa ta tsaya, ita kuwa yarda tun kafin annoba ta sauka ake gina ta.

Bari mu fara da abin da gwamnati ta yi. Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Ikko, wato Legas. Ran 9 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa kwamiti na musamman a ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, Boss Mustapha, kwana 2 kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa cutar ta game duniya. Ran 30 ga watan aka sa hannu a umarnin kulle Ikko da Ogun da Abuja, bisa dokar killace masu cuta ta 1926, wadda Turawan mulki suka bari.

Wannan hanzari yana da asali. A 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya shigo da cutar Ebola Ikko. Ma'aikatan da suka ƙware a yaƙi da shan inna su aka ɗauko, suka bi sawun kusan mutum 900 gida-gida, suna duba su kullum. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da Dokta Stella Adadevoh, wadda ta hana majinyacin barin asibiti. Ran 20 ga Oktoba aka bayyana cewa an rabu da cutar. A 2018 kuma aka sa hannu a dokar da ta ba Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa cikakken matsayi. Ashe korona ta tarar da mutanen da suka san aikinsu, kuma wajibi ne mu yaba musu.

To, amma shiri a Abuja daban, isarsa ƙofar gidan talaka daban. Don mu ga haka sai mu dubi Kano, inda aka sami mutum na farko ran 11 ga Afrilu, aka kulle gari ran 16 ga wata.

Hikimar kulle ita ce a rage cuɗanya, don kada marasa lafiya su yi wa asibitoci yawa a lokaci guda. Sai dai dokar ta ɗauka cewa akwai hatsi a ɗaki, da ruwa a famfo, da albashi a ƙarshen wata. Ɗan dako da ɗan garuwa da mai Adaidaita Sahu da mai tuyar ƙosai kuwa sai sun fita suke ci, ga kuma azumi ya kama a cikin kullen. Da matsi ya yi yawa sai aka riƙa sassautawa a wasu ranaku, mutanen da aka hana cuɗanya duk mako suka cika kasuwanni a wuni ɗaya. Ba Kano kaɗai ta ɗanɗana ba. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa a makonni 2 na farkon kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a sassan ƙasar, adadin da ya zarce na waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe a lokacin. A watan Oktoba kuma jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafi a jihohi da dama, suka tarar da abinci jibge. Wanda ya kwana da yunwa a Afrilu, ya ga wannan a Oktoba, da wane kunne zai saurari sanarwa ta gaba?

Abu na biyu shi ne ƙidaya. A watan Afrilun nan aka yi ta rasa dattawa a Kano, malamai da masu sarauta da attajirai. Waɗanda suka fara ankarar da jama'a su ne masu haƙa kabari, domin su suka ga aiki ya ninka. Gwaji ya yi ƙaranci, kuma ba mu da cikakkiyar rajistar mutuwa da za a kwatanta bana da bara. Dole masu bincike suka bi gidajen makoki suna tambayar iyalai irin ciwon da mamacin ya yi. A watan Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙidaya mutuwa 979, kuma tsakanin kashi 50 da 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona. Kafin wannan bayani ya fito, makonni sun shuɗe, jita-jita ta riga ta zauna daram. Saboda haka idan kuka ji alƙaluman hukuma, wato kimanin mutum 267,000 da suka kamu da sama da 3,100 da suka rasu a duk ƙasar, ku tuna cewa wanda aka gwada kaɗai ake ƙirgawa.

Abu na uku ya shafi fannina. Saƙon gwamnati da Turanci ake tsara shi, sannan a miƙa wa mai fassara a gurguje. An samar da kalmomi masu kyau, irin su killacewa da ba da tazara da takunkumi, amma kalma mai kyau ba ta isa ba. Yaya za a ce wa mai gidan da mutum 15 ke kwana a ɗaki 3 ya ba da tazara? Yaya za a ce wa Bahaushe kada ya je gaisuwar mutuwa, ba tare da an nuna masa abin da zai yi a madadinta ba? Da yake kuma waɗanda aka fara jin sun kamu manya ne masu hawa jirgin sama, har da Shugaban Ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa, Malam Abba Kyari, wanda ya rasu ran 17 ga Afrilu, sai talaka ya raɗa mata suna cutar manya. Wannan suna ya fi kowace sanarwa saurin yaɗuwa.

Kada mu yi gaggawar kiran wannan jahilci, domin shakkar mutanen Kano tana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2009. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Abin da ya gyara al'amarin shi ne shekaru na haƙuri, aka jawo sarakuna a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, da malamai, da mata masu shiga gidaje. Sakamakonsa, ran 25 ga Agusta 2020, ana tsakiyar korona, aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna. Wannan ya nuna cewa yardar da ta ɓace tana iya dawowa, in an bi ta ƙofar da mutane suka sani.

Me ya rage mana? Ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa a kan korona, amma wata annobar tana tafe, ko ba jima ko ba daɗe. Ku ma'aikatan gwamnati, ina roƙonku ku mai da rajistar haihuwa da mutuwa aikin yau da kullum, ta hannun masu unguwa da dagatai, waɗanda ba a binne kowa ba da saninsu ba. Ku tanadi jerin mabukata na kowace unguwa tun ana zaune lafiya, domin a kai abinci kafin a rufe ƙofa. Ku faɗi adadi na gaskiya da wuri, ko da mai ɗaci ne. Ku kuma ɗalibai, musamman na sashen harsuna, ku nemi zama a teburin da ake tsara saƙo tun daga farko, a yi tunaninsa da Hausa, a gwada shi a kunnen tsohuwa da ɗan kasuwa kafin a kai shi gidan rediyo. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma ina ganin wannan aiki yana cikin rigakafin da kowannenmu zai iya farawa gobe da safe a ofishinsa ko ajinsa.

Shugaban zama, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.